DARASIN KIWON LAFIYA: Idan Ana Zargin Alkama Da Ɓata Ciki, A Je Gwaji Ko A Bari?

A da can, abincin yau da kullum a ƙauyukan ƙasar Hausa shi ne gero da dawa da masara. Alkama kuwa abincin biki ce. Sai ranar salla ko suna ko ɗaurin aure ake ganin alkaki da finkaso. Yanzu zamani ya sake. Mai shayi yana bakin kasuwa da burodi. Yara suna karya kumallo da fanke. Ana dafa taliya da rana, ana tuƙa tuwon semo da dare. Duk waɗannan daga alkama suke.

Alkama abinci ce mai kyau, kuma yawancin mutane suna cin ta lafiya ƙalau. Amma akwai 'yan kaɗan da jikinsu ba ya karɓar ta. Wannan darasi zai yi bayani a kan su, da yadda ake gane su, da wanda ya kamata ya je gwaji. Babban abin da ake so mai karatu ya riƙe shi ne: kada mutum ya daina cin alkama kafin a gwada shi.

1. Mene ne danƙon alkama?

A cikin alkama akwai wani sinadari mai danƙo. Likitoci suna kiran sa gulutin. Shi ne yake sa ƙullun fulawa ya yi yauƙi idan an ja shi. Shi ne kuma yake riƙe iska har burodi ya kumbura. Garin gero da na dawa ba su da shi, shi ya sa ba sa tashi kamar burodi.

Kowa zai iya ganin wannan danƙo da idonsa. A kwaɓa fulawa cokali 3 da ɗan ruwa, a dunƙula, a bar ta ta ɗan huta. Sai a sa ta a cikin kwanon ruwa a riƙa matsawa a hankali. Ruwan zai yi fari. A zubar, a sake wani ruwan, har ya daina yin fari. Abin da zai rage a hannu kamar cingam, shi ne gulutin.

Bayan alkama, ana samun sa a cikin sha'ir, da wani hatsi na ƙasashen Turai mai suna rai.

2. Matsala iri uku

Ba duk wanda alkama ke damu ne ciwonsa ɗaya ba. Likitoci sun kasa abin gida uku.

Ta farko ita ce cutar siliyak. Ita ce mai lalata hanji a ɓoye. A cikin ƙaramin hanji akwai wasu 'yan tsirai ƙanana, kamar gashin tawul. Aikinsu shi ne tsotse amfanin abinci su kai cikin jini. Idan mai siliyak ya ci alkama, sai garkuwar jikinsa ta ɗauki gulutin a matsayin abokin gaba. Garin faɗa da shi, sai ta riƙa cinye waɗannan tsirai har su kwanta. Daga nan mutum yana cin abinci, amma amfanin yana wucewa a bayan gida. A duniya, kusan mutum 1 cikin 100 yana da wannan cuta, kuma da yawa ba su san suna da ita ba.

Ta biyu ita ce borin jini. Wannan ba ya ɓoyewa. Daga cin alkama zuwa 'yan mintoci ko 'yan awoyi, jiki zai fara ƙaiƙayi, fata ta yi rudu-rudu, leɓe ko fuska su kumbura. Wani har numfashi ya gagare shi.

Ta uku ita ce rashin jituwa da alkama. Mutum yana jin kumburin ciki, ko ciwon kai, ko kasala bayan ya ci, amma hanjinsa bai lalace ba. Babu gwajin jini da ke nuna wannan. Likita yana faɗin sa ne bayan ya tabbatar ba siliyak ba ce, ba kuma borin jini ba ne.

3. Yadda aka gano cutar

Wani likitan yara a ƙasar Holan, mai suna Willem Dicke, ya daɗe yana zargin alkama ce ke sa wasu yara gudawa da rama. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1944 da 1945, aka yi yunwa a ƙasar, burodi ya yi wuya. Sai aka ga yaran da ke da wannan ciwo sun sami sauƙi. Da burodi ya dawo, ciwonsu ya dawo. A shekarar 1950 likitan ya rubuta sakamakon bincikensa.

An daɗe ana zaton cutar ta Turawa ce kaɗai. Ba haka ba ne. A shekarar 1999 wasu likitoci daga Italiya suka ba da sakamakon gwajin da suka yi wa yara kusan 1,000 'yan Yammacin Sahara, waɗanda ke zaune a sansanin gudun hijira a Aljeriya. Fiye da yara 5 cikin kowane 100 ne gwajin ya nuna suna da ita. Babban abincin waɗannan yara shi ne fulawa. Likitoci a Sudan su ma sun sha samun masu cutar. Ke nan cutar ba ruwanta da launin fata.

4. Alamomin siliyak

Ga yaro ƙarami, alamomi sukan fara ne bayan an soma ba shi abinci mai alkama, kamar biskit, ko burodi da shayi, ko taliya. Za a ga:

(a) gudawa mai daɗewa, kashin yana da yawa, yana da maiƙo da ɗoyi;
(b) ciki ya yi tulu, amma ɗuwawu da cinyoyi sun yamushe;
(c) yaro ba ya girma kamar sa'o'insa;
(d) yawan kuka da ƙin abinci.

Ga babba kuwa, za a iya ganin:

(a) gudawa ko taurin bayan gida da ke tafiya suna dawowa;
(b) kumburin ciki da yawan tusa;
(c) rama ba dalili;
(d) ƙarancin jini da ya ƙi jin maganin ƙarin jini;
(e) gajiya kullum, da gyambon baki mai yawan dawowa;
(f) ƙuraje masu tsananin ƙaiƙayi a gwiwar hannu, da gwiwar ƙafa, da ɗuwawu;
(g) ga mata, yawan ɓari ko jinkirin samun ciki.

Wani kuma ba ya jin komai a ciki. Sai an gwada jininsa sannan a gane.

5. Ba kowane ciwon ciki ne na alkama ba

A nan ake son natsuwa. Alamomin da aka lissafa a sama, wasu cututtuka ma suna kawo su, kuma waɗannan cututtuka sun fi siliyak yawa a karkara.

Tsutsar ciki tana sa kumburin ciki da ƙarancin jini. Ruwan tafki ko na rijiyar da ba a rufe ba yana kawo gudawa da atini. Zazzaɓin cizon sauro da sikila suna rage jini. Tamowa tana sa yaro ya rame, cikinsa ya yi girma. Tarin fuka da ƙanjamau suna kawo rama mai tsanani. Wasu manya kuma madara ce ba ta karɓe su ba. Mutum zai sha shayi mai madara da burodi, cikinsa ya yi ƙugi, sai ya ɗora wa burodi laifi, alhali madarar ce.

Saboda haka matakin farko shi ne zuwa ɗakin shan magani ko asibitin da ke kusa. A can za a duba bayan gida, a duba jini, a auna nauyin yaro. Waɗannan gwaje-gwaje sun fi sauƙin samu, sun kuma fi araha. Idan an yi maganin tsutsa da zazzaɓi, an gyara ruwan sha, amma ciwo yana nan, to lokaci ya yi da za a yi wa likita maganar alkama.

6. Wa ya kamata ya je gwaji?

Waɗannan su ne ya fi dacewa su nemi gwajin siliyak:

(1) Wanda gudawa ko kumburin ciki ya daɗe masa fiye da wata ɗaya, an yi magani bai ji ba.
(2) Yaron da ake ba abinci isasshe amma ya ƙi girma, kuma ana ba shi abinci mai alkama.
(3) Mai ƙarancin jini da ya sha magani wata da watanni bai ga canji ba.
(4) Wanda aka tabbatar uwarsa, ko ubansa, ko ɗansa, ko wanda suke ciki ɗaya yana da cutar. Cutar tana bin jini. A cikin irin waɗannan 'yan'uwa na kusa, kusan 1 cikin 10 yakan same ta.
(5) Mai ciwon sukari irin wanda ke kama mutum tun yana yaro, wanda ake yi wa allurar insulin kullum.

Wanda kuwa yake cin burodi da taliya lafiya, jikinsa da ƙarfi, kuma babu mai cutar a gidansu, ba ya bukatar gwaji. Haka nan wanda cikinsa ya ɓaci sau ɗaya bayan ya ci gurasar da ta kwana. Ba kuma dalili ba ne a ce an ji a rediyo ko an gani a waya cewa wasu sun daina cin alkama.

7. Kuskuren da ya fi yawa

Sau da yawa mutum yana fara zargin alkama sai ya daina cin ta. Bayan wata 2 ko 3 sai ya tafi asibiti. Wannan yana ɓata gwaji.

Ga dalili. Gwajin jini yana neman alamar faɗan da garkuwar jiki ke yi da gulutin. Idan an daina cin alkama, faɗan ya lafa, alamar tana raguwa a cikin jini, hanji ma ya fara warkewa. Sai sakamako ya fito cewa babu komai, alhali cutar tana nan. Kamar a share sawun ɓarawo ne kafin a kira mai bin sawu.

Don haka mai niyyar gwaji ya ci gaba da cin abincinsa yadda ya saba. Wanda ya riga ya daina, ya faɗa wa likita gaskiya. Likitoci sukan ce ya koma cin alkama kullum har kamar mako 6 kafin a ɗebi jini. Wannan yana da wahala ga wanda ya riga ya ji sauƙi. Shi ya sa gara a yi gwajin tun farko. Haka ma wanda ba ya cin alkama sai jefi-jefi, ya sanar da likita, domin gwaji zai iya kuskure masa.

Akwai mutum ɗaya da wannan doka ba ta hau kansa ba. Shi ne mai borin jini. Duk wanda fuskarsa ta kumbura ko numfashinsa ya toshe bayan cin alkama, a kai shi asibiti nan take, kuma kada ya ƙara taɓa ta sai likita ya duba shi.

8. Yadda ake gwajin

Mataki na farko, ana ɗibar jini kaɗan daga hannu. Ba kowane ƙaramin asibiti ne ke yin wannan gwaji ba. Likita zai rubuta takarda zuwa inda ake yi.

Mataki na biyu, idan jini ya nuna alama, sai a duba hanjin. Mutum zai zo bai ci komai ba. Za a fesa masa magani a maƙogwaro ko a yi masa allurar da za ta kwantar da shi. Sai a zura wani siririn bututu mai fitila ta baki har farkon ƙaramin hanji, a tsinko ɗan abu kamar ƙwayar gero a duba da madubin likita. Ba a yanka ciki, kuma yawanci mutum yana komawa gida a ranar.

Likitocin ciki da hanji suna manyan asibitoci, kamar asibitocin koyarwa na Kano, da Zariya, da Sakkwato, da Maiduguri. Kafin a tashi, a karɓi takardar turawa daga ƙaramin asibiti. A tambayi ranar ganin likita da kuɗin gwaji, don kada a yi asarar kuɗin mota.

A yi hattara da masu yawo kasuwa-kasuwa da wata na'ura, suna cewa mutum ya riƙe ta da hannu ta faɗi duk cutar da ke jikinsa. Irin wannan na'ura ba ta gano siliyak. Babu kuma ƙwaya ko jiƙo da ke warkar da ita.

9. Me ya sa ba za a daina alkama kawai a huta ba?

Wani zai ce, tunda gwaji da kuɗi, asibiti da nisa, ai gara a bar burodi a zauna lafiya. Tambaya ce mai kyau, ga kuma amsarta.

Na ɗaya, idan ba alkama ce ke damun mutum ba, ainihin ciwon yana nan yana cin sa. Zai ɓata lokaci yana gudun taliya, alhali tsutsa ce ko tarin fuka.

Na biyu, dokar mai siliyak ta bambanta da ta mai rashin jituwa. Mai rashin jituwa zai iya ragewa gwargwadon yadda jikinsa ya ɗauka. Mai siliyak kuwa dole ya bar ta gaba ɗaya har ƙarshen rayuwa, ko ɓarɓashi. Wanda bai tabbatar ba yakan bari yau ya koma gobe. Hanji yana ta lalacewa a ɓoye, ƙashi ya yi rauni, jini ya ƙi cika.

Na uku, sanin gaskiya yana taimakon sauran gida. Idan an tabbatar uba yana da ita, za a duba 'ya'yansa tun kafin girmansu ya tsaya.

Wanda ba shi da halin zuwa babban asibiti yanzu, kada ya yanke wa kansa hukunci. Ya je wurin ma'aikacin lafiya na kusa, su tsara abin da za a yi tare.

10. Shirin ganin likita

Rubutu yana da amfani a nan. A sami ɗan littafi, a ja layi gida uku: rana, abin da aka ci, abin da aka ji. A yi haka har mako 2. Misali: Litinin, shayi da burodi da safe, ciki ya kumbura da hantsi. Idan yaro ne, a tafi da katin awonsa. A tafi kuma da kwalayen magungunan da aka sha.

A gaban likita a yi magana a fili. Uwa za ta iya cewa, "Likita, yaron nan wata 4 ke nan yana gudawa. An ba shi maganin tsutsa bai ji ba. Tun da aka fara ba shi biskit da taliya abin ya fara. Ko alkama ce?"

11. Idan an tabbatar da cutar

Maganin siliyak shi ne barin gulutin. A nan mutumin karkara ya fi na birni sa'a, domin abincinsa na gado ba shi da wannan danƙo.

Abin da zai ci: gero, dawa, maiwa, masara, shinkafa, acca, rogo, doya, dankali, wake, gyaɗa, nama, kifi, ƙwai, ganye da 'ya'yan itace. Tuwo, koko, kunun gero, fura, ƙosai da alala duk nasa ne.

Abin da zai bari: burodi, gurasa, fanke, alkaki, finkaso, cincin, dubulan, biskit, kek, taliya, makaroni, kuskus, tuwon semo da tuwon alkama.

Inda alkama ke ɓuya: masu ɗanwake da yawa suna sa fulawa. Wasu masu waina ma suna ƙara ta a ƙullu. Man da aka soya fanke bai dace a soya masa ƙosai da shi ba. Injin niƙa da aka niƙa alkama yakan bar saura a cikin garin dawa, don haka a nemi a share injin sosai, ko a daka a turmin gida. A ware masa rariya da muciya. Wasu dunƙulen miya da wasu lemunan molt suna da alkama ko sha'ir. A duba jikin kwali. Da Turanci ana rubuta alkama "wheat", da Faransanci kuma "blé".

A wurin biki ko gidan dangi, kada kunya ta sa ya ci abin da zai cutar da shi. Zai iya cewa, "Inna, ki yi haƙuri, ba raini ba ne. Likita ne ya hana ni alkama. In akwai fura, a ba ni."

Yawancin masu cutar suna fara jin sauƙi cikin 'yan makonni. Yaro yakan fara ƙiba, ya kamo sa'o'insa. Hanjin babba kuwa yakan ɗauki shekara 1 zuwa 2, wani ma fiye, kafin ya warke sarai. A riƙa komawa asibiti a ranar da likita ya sa.

Abin tunawa

Ciwon ciki mai daɗewa, a fara da asibitin kusa.
Idan magani bai yi ba, a tambayi likita batun alkama.
Kada a daina cin alkama kafin gwaji, sai mai borin jini.
Idan an tabbatar da siliyak, a bar alkama har abada, a kuma duba 'yan'uwa na kusa.

Lafiya uwar jiki. Allah Ya ƙara lafiya, amin.

Sababbin kalmomi

Gulutin: danƙon da ke cikin alkama da sha'ir.
Siliyak: cutar da gulutin ke sa hanji ya lalace.
Garkuwar jiki: abin da ke kare jiki daga cututtuka.
Takardar turawa: takardar da ƙaramin asibiti ke bayarwa zuwa babba.

Tambayoyi

1. Mene ne yake sa ƙullun fulawa yauƙi?
2. A faɗi alamomi 3 na siliyak ga yaro.
3. A kawo cututtuka 3 da alamominsu suka yi kama da na siliyak.
4. Me ya sa ba a daina cin alkama kafin gwaji?
5. Wane ne ba zai jira gwaji ba kafin ya daina?
6. A rubuta abinci 5 da ake dafawa a gida waɗanda ba su da alkama.